Kawu Mai Auna Ruwa

Daga Allah muka zo, kuma wurinsa kowa zai koma. Kawu, yayan mahaifiyata, ya koma wata ranar Talata da hantsi a gidansa na Jega, aka kai shi makwancinsa bayan azahar. Kwana uku na yi a kan tabarmar ƙofar gida ina karɓar gaisuwa, kuma tun ranar farko abin da ya fi cika mini zuciya haushi ne. Na san bai dace da mai zaman makoki ba. Ina rubuta wannan don kada a manta da shi, kuma don kada a tuna da shi yadda na ji ana tunawa da shi a kan tabarmar nan.

Wani surukinmu ne ya fara. Ya shafa fatiha, ya gyara zama, ya ce, "Allah shi jiƙan tsoho. Mutumin kirki na, sai dai taurin kai." Na kusa da shi suka gyaɗa kai. Wani daga ƙauyenmu na ƙasar Maiyama ya ƙara da cewa, "Ai mun yahe mishi abin da yac ce muna. Zahin rai na." Sun yafe masa. Na dubi mutumin har sai da ya kawar da kai.

Makarantar fasaha da ya yi wa aiki shekara talatin da wani abu, can nesa da gida, ta aiko mutum biyu da takarda. Aka karanta a gaban jama'a. A ciki an kira shi "ɗaya daga cikin ƙananan ma'aikatanmu masu biyayya", kuma ko sunan mahaifinsa ba su rubuta daidai ba. Kawu bai taɓa zama mai biyayya ba, kuma wanda ya rubuta takardar bai taɓa ganinsa ba.

Rana ta biyu Babban Injiniya ya iso cikin farar mota. Shi ne shugabana a ofishin da nake aiki, mai duba ayyukan hanyoyi, kuma tsohon ɗalibin Kawu ne. Aka ba shi darduma a gaba. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Duk abin da na sani game da ruwa, a hannun Baba na koye shi. Uba ne a wurina." Jama'a suka ce Allah ya saka da alheri, ga ɗalibi mai tuna malaminsa. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina kallon saƙar tabarma. Ba shi kaɗai nake jin haushi ba, kuma zan zo ga wannan.

Waɗanda suka yi mini daidai su ne manoman albasa na Aliero. Sun zo a kan babura, biyu-biyu da uku-uku, wasu da taɓon lambu a ƙafa. Ba su yi jawabi ba. Ɗaya daga cikinsu, dattijo mai furfura a gemu, ya riƙe hannuna, hawaye na bin gemun.

Kawu bai taɓa zama lakcara ba. Ba shi da digiri. Shi ne mai kula da ɗakin gwajin ruwa, inda ake kai ɗaliban injiniya su ga da idonsu abin da aka koya musu a allo game da motsin ruwa da nauyinsa. Malamai su zo su rubuta lissafi su tafi, ɗalibai su haddace su ci jarrabawa ko su faɗi. Amma duk wanda ya fahimci darasin nan da gaske a makarantar, a hannun Kawu ya fahimce shi. Ni ma a can na yi karatu, a gidansa na zauna, don haka na gan shi a aji, na gan shi a gida.

Ranar farko ba ya barin kowa ya buɗe littafi. Yana da wani dogon gwangwani da ya huda a wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa. Sai ya aza shi a bakin dogon tebur, ya toshe hudojin da yatsu, ya sa a cika da ruwa, ya ce wa ɗalibai su tsaya inda suke jin ruwa ba zai kai ba. Ya saki yatsu. Na hudar sama ya ɗan zubo kusa, na ƙasa ya feso da ƙarfi ya jiƙa wandon wanda ya fi kowa yarda da kansa. Kawu ba ya dariya. Sai ya ce, "Dum mi na ƙasa yaf fi ƙarhi?" In wani ya fara karanto masa abin da ya haddace, sai ya ɗaga hannu. "Kak ka karanta min. Hwaɗa min da bakinka." Sai an sha wuya wani ya ce na ƙasa yana ɗauke da nauyin duk ruwan da ke samansa. Daga nan ya kawo faffaɗan baho da siririn bututu, ya cika su zurfi ɗaya, ya nuna mana cewa dannar da ke ƙasansu ɗaya ce. "Ruwa bai san hwaɗi ba," in ji shi. "Zurhi yas sani."

Darasi na biyu a waje ake yi, da tiyo. Ya buɗe famfo, ruwa na fita a hankali, ya danne rabin bakin tiyon da babban yatsa, ruwan ya harba nesa. Abin da ya shiga dole ya fita, in ƙofa ta ragu sai gudu ya ƙaru. Sannan ya tambaya, "To in ƙohwa ta yi ƙanƙanta, kuma babu hwamho baya da za ya tura shi?" Amsar ita ce ruwan zai taru a baya, ya yi ta hawa, har ya yi zurfin da zai tura kansa. Na rubuta wannan a littafina ina ɗan shekara ashirin, na ja layi a ƙarƙashi.

Maganarsa da kowa ya sani ita ce, "Ka auna?" In ka ce masa tanki ya kusa cika, ka auna? In ka ce rijiyar nan ta fi waccan zurfi, ka auna? Har Inna, matarsa, ba ta tsira ba. Wata safiya ta kawo kunu, ya ɗaga ludayi ya karkata yana kallon yadda yake zuba, ya fara yi mini bayanin dalilin da ya sa mai kauri ke tafiya a hankali kuma ba ya yin ƙulli-ƙulli kamar ruwa. Inna ta tsaya da hannu a ƙugu ta ce, "Sha za ka yi ko makaranta za ka buɗe? In ya huce ba ni dama wani." A masallaci kuwa in ya ga mai alwala ya rufe famfo da ƙarfi lokaci ɗaya, sai ya bi shi har sahu ya gaya masa cewa ruwan da ke gudu in aka tare shi farat ɗaya, bututu yake bugu, kuma haka ake fasa fayif ɗin jama'a. Mutane da yawa sun canja wurin alwala saboda shi.

Ba zan ɓoye ba, mutum ne mai wuyar zama. Bai iya lallashi ba. Ya taɓa yaga rahoton wata ɗaliba a gaban aji don ta gyara lambobin da ta auna su yi daidai da na littafi. Ta fita tana kuka. Na ce masa a gida, "Kawu, ai da ka kira ta gefe." Ya ce, "Wanda yac canza lamba don ta yi kyau, wata rana gada za ya gina." Bai ba ta haƙuri ba. Abin da ya yi shi ne ya buɗe mata ɗakin gwaji ranar Asabar, ya zauna a bakin ƙofa har ta sake gwajin sau uku.

Da ya yi ritaya ya dawo Jega, sai lambunan albasa suka zama ajinsa. Dattijon nan da ya riƙe hannuna yana kuka, labarinsu da faɗa ya fara. Wata shekara da rani ya yi nisa, ruwan ƙasa ya ja baya, injin ban-ruwansa ya daina kawo ruwa. Inji na ƙara, tiyo na rawa, ba ɗigo. Albasa ta fara kwanciya. A kasuwar Jega aka ce masa injin ne ya yi ƙanƙanta, ya sayi babba, har ya kawo sansa na noma zai sayar. Kawu yana kusa, ya ji, ya sa baki ba a tambaye shi ba. Ya ce ko injin da ya kai girman mota aka kawo ba zai jawo ruwan ba. Mutumin ya fusata ya ce, "Kai wane na? Ka taɓa noman albasa? Ɗan boko, tahi ka ba mutane wuri."

Washegari da sassafe Kawu ya hau babur har Aliero, ya yi tambaya har ya gano lambun. Ya zura igiya da dutse a bututun rijiyar, ya auna inda ruwa ya tsaya. Ya ce wa mutumin inji ba ya jan ruwa kamar yadda ake jan guga. Iska yake kwashewa daga cikin tiyo, sai nauyin iskar duniya da ke danne komai ya turo ruwan sama, kuma turin nan yana da iyaka, a aikace bai cika wuce tsayin mutum huɗu ba. "Ruwanka ya wuce nan da kamu biyu. Ba inji za ka ƙara ba. Rami za ka gina, ka sauke injin ƙasa shi kusanci ruwa." Mutumin bai yarda ba, amma ba shi da abin yi. Kawu ya tuɓe riga ya karɓi shebur, yana da shekara sittin da ɗoriya. Kafin la'asar ruwa ya cika kwamin farko. Sa ya koma gida. Kawu bai tsaya cin abinci ba, kuma bai taɓa ta da maganar kasuwa ba. Daga shekarar nan babu makon rani da ba a zo ɗaukarsa a babur.

Wannan shi ne mutumin da aka ce an yafe masa. Ga laifinsa.

Ƙauyenmu yana ƙasar Maiyama, in ka wuce Mungadi. Akwai rafi da ke bi ta gefen gari, busasshe da rani, amma da damina yana kwaso ruwan tudu duka. Shiyyar gangare tana bakinsa. A can Malam yake, malamin allo, abokin Kawu tun suna yara. Rabin rayuwarsu sun yi ta ne suna gardama, ɗaya da littattafansa ɗaya da igiyar awonsa, kuma duk zuwan Kawu ƙauye a zauren Malam yake sauka.

Aka zo yin sabuwar hanya. Kowa ya yi murna, don motocin hatsi da albasa za su riƙa shigowa har gari. Aka tada hanyar sama da cikon ƙasa, ta ratsa rafin a ƙasa da shiyyar gangare, aka binne bututun siminti guda biyu a matsayin kwalbati. Kawu ya je ya leƙa cikin bututun, ya auna bakinsu, ya dawo. Da ruwan farko mai ƙarfi ya sauka, ya tafi bakin rafi cikin ruwan sama. Ya auna taku ashirin a gaɓa, ya jefa kara a ruwa, ya duba agogo ya ga tsawon lokacin da ya ɗauka. Ya maimaita sau da yawa. Ya tara tsofaffin gari ya ce su nuna masa a jikin tsamiyar bakin rafi inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarar da ya fi yawa. Malam ne ya ɗora yatsa a wurin. Kawu ya auna faɗin rafin a wannan tsayin, ya zauna ya yi lissafi.

Ya samu Babban Injiniya a wurin aikin. Ina tsaye, wata shida ke nan da ɗaukata aiki. Kawu ya ce, "Bututunga biyu ba su ɗaukar ko rabin ruwan rahinga in ya cika. Hanyagga madatsa kunka gina. Ruwa za ya taru baya, kuma bayan nan gidajen mutane na."

Babban Injiniya ya rusuna, ya yi murmushi, ya ce, "Baba, zanen daga sama ya zo. An riga an amince da shi. Amma za mu duba, in sha Allah."

"Wanda yay yi zanen ya zo nan? Ya auna?"

Leburori suka yi dariya. Ɗan kwangila ya ce a kawo wa tsoho lemo.

Kwana biyu bayan haka Kawu ya kira ni gida ya ba ni takarda mai shafi uku, da rubutun hannunsa, da zanen rafin da duk lissafin. Ya ce, "Ɗana, ni ba ni da hatimi. Kai kana ciki. Duba lissahin, in ka ga kuskure ka hwaɗa min. In ba ka gani ba, ka aza hannu ka kai mishi, a sa cikin fayil."

Na duba. Na duba sau biyu. Babu kuskure. Abin da na ja wa layi ne a littafina, ba wani abu mai wuya ba.

Ranar Litinin na shiga ofis da takardar a aljihu. Ana taro, sai Babban Injiniya ya ba da labarin tsohon da ya zo da igiya zai koya wa gwamnati aiki, aka yi dariya. Ya juyo ya ce mini, "Kawunka ne ko? Ka lallashe shi. Kai yanzu ka fara, kada ka bari a san ka da rigima." Na ce to. Na koma teburina, na buɗe aljihun tebur na ƙasa, na sa takardar, na rufe. Da Kawu ya tambaye ni ranar Juma'a ko na kai, na ce na kai. Ya ce, "Madalla. Mun sauke namu."

Damina ɗaya ta wuce lafiya, aka yi ta yi wa Kawu ba'a a ƙauye. Ta biyu, cikin watan da ruwa ya fi yawa, aka tashi da ruwa tun safe bai tsaya ba. Bayan azahar rafi ya cika, bututun biyu suka nutse, ruwa ya fara hawa a bayan hanya. Kafin la'asar ya shiga shiyyar gangare har ƙugu. Katangun ƙasa suka jiƙe suka fara zubewa. Mutane suka fita da abin da hannu ya iya ɗauka suka hau kan sabuwar hanyar, don ita ce tudu. Malam ya fito tare da iyalinsa, sannan ya juya ya koma ɗauko littattafansa. Ɗakin ya rufta a kansa.

Bayan kwana uku manya suka zo da buhunan shinkafa da tabarmi da masu ɗaukar hoto. Aka tara jama'a a gindin tsamiya. Aka yi jawabi a kan ambaliya da sauyin yanayi da haƙuri da ƙaddara. Kawu ya miƙe ba a ba shi dama ba. Ya ce:

"Ruwan sama na Allah na, ban musa ba. Kwanan Malam ya ƙare, ban musa ba. Amma bututunga ba daga sama sunka hwaɗo ba. Mutum yaz zaɓi girmansu, mutum yas sa hannu, kuma an hwaɗa mishi. Ku bar aza wa Allah aikin hannunku."

Aka yi masa caa. Wani ya ce tsoho ya yi saɓo. Wani ya ce zai sa a mayar da shinkafar. Mai gari ya sa aka kama hannunsa aka fitar da shi daga taron, a garin da aka haife shi. Na ga Babban Injiniya ya bi shi gefe sun yi magana kaɗan, ban ji abin da suka ce ba. Ni ina tsaye cikin 'yan ofis da hular kwano a kaina. Ban motsa ba.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da ba zan yafe wa mutanenmu da sauƙi ba. Ba su ji haushin wanda ya binne bututun ba. Kawu suka ji haushi. Aka ce ya musa ƙaddara, aka ce boko ya cinye masa imani, mutumin da ban taɓa ganin sahun farko ya wuce shi ba. Aka aiko masa da masu nasiha har Jega. Waɗanda suka sha ruwan rijiyoyin da ya gyara suka daina gaishe shi a kasuwa. Da rani aka zo aka cike inda ruwa ya zaizaye, aka shafa sabuwar kwalta, aka bar bututun biyu yadda suke. Kawu bai sake taka ƙauyen ba. Ya daina yawan magana. Inna ta ce wani lokaci sai ta same shi zaune da hantsi yana maimaita lissafin nan a bayan kwalin magani, kamar mai neman inda ya yi kuskure.

Ciwonsa bai daɗe ba. A asibiti, da aka sa masa ƙarin ruwa, ya kwanta yana kallon ledar da ke rataye. Ya ce wa ma'aikaciyar jinya, "Ɗiyata, in kin ɗaga ledagga sama, ya hi gudu." Ta ce ta sani, amma likita a hankali yake so, kuma ta ƙirga ɗigon da agogo. Kawu ya dube ta, fuskarsa ta saki yadda na daɗe ban gani ba. Ya ce mini, "Ka ga wadda tas san aikinta." Ina zaune a gefen gadon kwana huɗu. Sau da yawa na buɗe baki in gaya masa maganar takardar, sai in tambaye shi ko yana son shayi. Aka sallame shi, ya dawo gida, bayan mako ɗaya ya cika.

Ranar da aka share makoki, da baƙi suka watse, na shiga wurin Inna. Tana zaune a kan tabarma cikin kayan takaba, tana tsince shinkafa. Na durƙusa na gaya mata komai, tun daga aljihun tebur har ƙaryar ranar Juma'a. Ba ta ɗago ba sai da na gama.

Ta ce, "Ya sani."

Na ce, "Inna, wa ya gaya masa?"

"Maigidanka. Ranar da anka hitar da Kawunka taro, yac ce ma maigidan naka, ai na rubuto maka. Shi ko yac ce bai ga wata takarda ba, har da rantsuwa. Kawunka ya dawo gida bai ci abinci ba. Nic ce bari in kira ka. Yac ce a'a." Ta zubar da tsakuwar da ta tsinta a gefe. "Yac ce in ya hwaɗa, kai za a ɗora wa komi, manya su wanke hannu. Yac ce shi ya iya ɗaukar zagi, ya saba. Shekara biyu shina jiran ka zo da ƙahwarka. Duk Juma'a in ka yi sallama sai shi gyara zama."

Ban san tsawon lokacin da na yi a durƙushe ba. Inna ba ta lallashe ni ba, kuma na gode mata da hakan. Ta ce kawai, "Tashi, kuka ba ya kai takarda."

Takardar tana nan inda na bar ta, ta yi ja a gefe. Na sake lissafin a sabuwar takarda, na haɗa da tasa, na rubuta ranar da ya ba ni da abin da na yi da ita, na sa hannu. Na kai wa Babban Injiniya na tsaya har aka buga hatimin karɓa. Ya karanta shafin farko, ya cire tabarau ya ce, "Ka san abin da kake yi wa kanka?" Na ce na sani. Ya ce, "Baba ya rasu, ka bar shi ya huta." Na ce masa Baba ya huta, mutanen gangare ne ba su huta ba, don sun sake gina ɗakunansu a wurin, ba su da wani filin. Bayan mako uku aka mayar da ni sashen ajiyar kaya. Fayil ɗin, an ce ana dubawa.

Abu na ƙarshe ya fi wuya. Na hau mota zuwa ƙauye na nemi babban ɗan Malam, wanda yanzu shi ke riƙe da makarantar allon a wata rumfar kara. Na same shi bayan an tashi karatun safe. Na zauna a ƙasa na gaya masa cewa an san abin da zai faru, an rubuta, kuma a hannuna rubutun ya tsaya. Na ce ban san ko da na kai za a gyara ba, amma ban kai ba.

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Muna cikin waɗanda sunka daina gaida Kawunka. Ko ta'aziyya ban tai ba." Ya jawo takalmansa. "Ba yau za ni yahe maka ba, kak ka roƙe ni. Damina saura wata biyu. Tashi mu tai bakin rahi ka gwada min girman ƙohwar da ya kamata a yi, yadda za ni iya hwaɗa wa mutane bayan sallar Juma'a. In sun ƙi ji daga bakin boko, su ji daga nawa."

Muka tafi. Na shiga cikin busasshen rafin na ja layi a yashi da kara, daga nan zuwa can, shi kuma yana bina yana ƙirga taku.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa kabarinsa, ya haɗa shi da abokinsa a inda babu gardama. Allah ya yafe masa zafin harshensa. Mu da muka rage, da wanda ya sa hannu da wanda ya yi dariya da wanda ya rufe aljihun tebur, Allah ya ba mu kwanan da za mu gyara kafin a tambaye mu.